Mai Gadin Wutar Sikiya

Shekara goma sha huɗu mijina Sisinyos ya yi yana gadin tuluna goma sha biyu na ruwan kifi, yana zaton wutar Sarkin Rum ce. Na san gaskiyar tun shekara ta biyu, ban kuwa gaya masa ba. Mai zagina ya zage ni, amma ya bari in gama tukuna.

Garinmu Sikiya ba wani gari ba ne. Ganuwa ce a kan dutse a bakin teku, tafiyar kwana biyu kudu da garin Dirakiyo, gidaje ɗari biyu da 'yan kai, coci ɗaya, awaki sun fi mutane yawa. Abin taƙamarmu guda ne: muna da wutar ruwa, wadda ake fesawa da famfon tagulla ta cinye jirgi a tsakiyar teku. Wani sarki ne cikin waɗanda suka yi ta hawa da sauka a zamanin nan ya tuna da mu, ya aiko da ita daga Birni, wato babban birnin Sarki, da famfonta, da mai famfon. Mai famfon nan shi na aura.

Kowa ya san halin Birni, ba ta yarda mutum ɗaya ya san abu gaba ɗaya. Masu haɗa ruwan wutar suna can, ba su taɓa riƙe famfo ba. Masu famfo da ruwan rijiya ake koya musu, ba su taɓa leƙa cikin tulu ba. Fasa hatimin dalma da ke bakin tulu kuma sai da takarda mai jan tawada daga wasu mutane na uku, wanda ya taɓa babu takarda idanunsa biyu za a cire. Wai don ko maƙiyi ya kama mutum ɗaya kada ya sami sirrin. Dabara ce mai kyau, ban musa ba. Ita ce kuma ta sa aka yi shekara da shekaru babu namiji ko ɗaya a garin da ya san abin da muke ajiye da shi.

Sisinyos ɗan ƙaramin mutum ne mai siririn gemu, da a wani gari yake ko kare ba zai ɓata haushinsa a kansa ba. A Sikiya kuwa idan ya shigo kasuwa ba shi hanya ake yi. A coci kusa da Kir Tarasiyos yake tsayawa, shugaban sojan ganuwa; Kir laƙabin manya ne a wurinmu. Kullum da safe zai buɗe ɗakin da ke ƙarƙashin hasumiya, ya bi tulunan ɗaya bayan ɗaya, ya duba hatimi, ya ƙwanƙwasa a hankali da bayan yatsa ya kasa kunne. Ba a shiga da fitila, ba a tari, ba a ɗaga murya. Ranar idin Waliyyi Nikolas yakan fito da famfon ya fesa ruwa daga kan ganuwa, mutane su bi da ido su ce ashe in wutar ce har can za ta kai.

A shekara ta biyu zazzaɓi ya kwantar da shi. Ya miƙo mini mabuɗi yana rawar ɗari, ya sa na rantse da Uwar Almasihu hatimi kawai zan duba in fito. Na shiga a kan yatsun ƙafa, sai na tarar da kyanwarmu a bayan tulu na bakwai tana lasar gindinsa. Tulun ya ɗan tsage, wani ruwa mai duhu yana tsattsafowa. Na daskare ina jiran kyanwa ta kama da wuta. Ta gama, ta lashe ƙafa, ta dube ni tana neman ƙari. Na dangwala yatsa na kai baki.

Garos ne, ruwan kifin nan da ake ɗiga wa miya. Ba kuma irin namu ba, da ake zuba kayan cikin kifi a gishiri a shanya wata biyu a ce ya yi. Wannan na teburin manya ne, ɗigo uku ya tayar da tukunyar wake daga matattu. Wani ne can a tashar jiragen Birni ya manna hatimi a kayan da ba su ba. Har yau ina tunanin ɗakin girkin da ya karɓi namu tulunan, in na ji an ce gobara ta tashi a gidan wani babba sai in yi shiru in gyara zama. Warin kuwa Sisinyos ya daɗe yana jinsa sama-sama, yana cewa ai haka wutar take wari. Mutum ne da in Birni ta ce masa abu wuta ce, hancinsa ma sai ya yarda.

Na fito da niyyar gaya masa, Allah shi ne shaidata. Na same shi ya ɗago kai daga matashi, ido ya faɗa, ya ce, "Tekla, lafiya suke?" Kamar mai tambayar 'ya'ya. Mu kuwa Allah bai ba mu haihuwa ba. Na ce, "Lafiya lau suke, Maigida, kwanta."

Daga nan dai ba ni da abin kare kaina. Na liƙe tsagar da kaki. Bayan wata ɗaya na ga ba dalili abu mai kyau ya zauna yana lalacewa, na huda kafaɗar tulun ta baya na zuƙo kaɗan da kara. Maƙwabciyata Pelagiya ta ɗanɗana miyata, ta zauna a ƙofar ɗaki ta ce ba inda za ta sai na faɗa mata. Ita ta faɗa wa matar Fada Nilos, limamin cocinmu, don wai nauyin ya yi mata yawa. Matar maƙeri ta sa mijinta ya ƙera mana mabuɗi, ta ce masa na akwatin uwarta ne. Kafin shekara ta biyar babu macen da ba ta sani ba a Sikiya. Duk abin da muka ɗiba mukan mayar da ruwan teku, don in ya ƙwanƙwasa ya ji tulu a cike. Sisinyos kan dawo gida ya share kwano ya ce hannuna akwai albarka. Zuwa shekarar da nake ba ku labari, tara ruwan teku ne zalla, uku kawai suka rage da garos.

A shekarar ne mayaƙan Normandawa suka ƙetaro teku daga yamma. Babbar rundunarsu ta zauna wa Dirakiyo, ƙanana suka bazu suna tsintar garuruwan gaɓa. Namu rabon mutum ɗari uku ne, ƙarƙashin wani ƙato mai jan gashi da ake kira Turstin. Mun hau ganuwa muna kallonsu: ba gemu ko ƙwaya, ƙeya a aske tas, garkuwa doguwa har gwiwa, dawakai kamar shanun noma. Suka sare mana itatuwan zaitun suka fara ƙera tsani. Tafintansu, wani mutumin garin Bari mai suna Pandolfo, ya matso gindin ƙofa ya ɗaga murya.

"Ubangidana ya ce kwana uku! In kun buɗe, ko kaza ba za a taɓa ba. In kun ƙi, ta tsani zai shigo, ranar kuwa kada kowa ya sa rai, har na goye."

Mazanmu suka kwashe da dariya. Sojan Kir Tarasiyos arba'in ne, rabinsu masunta, amma ya dafa ganuwa ya murza gemu ya ce, "Mu? Mu da muke da wuta?" Ya sanar cewa a lokacin yaƙi bakin shugaban ganuwa ya isa takarda. Ranar ta uku da safe za a taru a farfajiyar coci, Sisinyos ya tabbatar wa gari wuta a shirye take, a fasa hatimi, sannan a aika wa marasa gemu amsarsu. Mijina ya dawo gida ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa. Ya fito da famfo tsakar gida yana goge shi da toka da ruwan inabi mai tsami, yana rera waƙar coci, shi da ko a coci ba a jin muryarsa.

Washegari mata suka ritsa ni a bakin rijiya.

Pelagiya ta ce, "To uwar miya, sai yaya? Gobe mijinki zai tashi ya ce wuta ta shirya, a rufe ƙofa, su kafa tsani, mu fesa musu ruwan teku. Wanka za mu yi musu kafin su yanka mu?"

Na ce, "Ke da kika fi kowa aiko kwano, yau ni ce uwar miya?"

"Ban ce ban sha ba. Amma ni ba mijina ba ne."

Matar Fada Nilos ta rage murya ta ce, "Tekla, 'ya'yana biyar. Ki gaya masa yau, ko ni in tashi gobe a gaban maza in faɗa. Kin kuwa san in magana ta fito a fili, tambayar farko ita ce wa ya huda tulun Sarki."

Na sani. Idanuna nake ta tunani tun jiya. Amma in faɗa muku gaskiya, ba su suka fi damuna ba. Mutumin nan ba shi da gona, ba shi da ɗa, ba shi da dangi a garin. Tulunan nan su ne dalilin da ya sa yake miƙe wuya in yana tafiya, ni kuma zan je in karɓe su da bakina. Na ji tsoron haka fiye da Normandawa.

Da rana tsaka na same shi a ɗakin hasumiya yana auna tazarar tulu zuwa ƙofa da taku. Ya ɗora yatsa a baki don kada in yi ƙara. Na wuce shi na zagaya bayan tulu na biyu, na ciro toshiyar kaki da farce, na zura kara. Ya faɗi ƙasa ya rufe kai da hannuwa yana kiran waliyyai da sunayensu.

Na ce, "Maigida, tashi. Buɗe bakinka."

"Tekla, kin kashe mu! Kin kashe gari!"

"Buɗe bakinka na ce."

Na ɗiga masa a harshe. Ya runtse ido yana jiran mutuwa. Can ya motsa baki. Ya sake motsawa. Ya buɗe ido a hankali ya ce, "Wannan ai miyarki ce."

Na zauna a ƙasa kusa da shi na faɗa masa komai, tun daga kyanwa har ruwan teku. Bai katse ni ba. Da na gama ya daɗe yana kallon hatiman nan goma sha biyu da yake gogewa kullum.

"Su wa suka sani?"

"Mata."

"Waɗanne matan?"

"Mata dai, Maigida."

"Har matar mai gasa burodi, da take rusuna mini a kasuwa?"

"Ita ta fi son na tulu na huɗu."

Na so ya mare ni. Na so ya yi ihu ya tara mini gari. Sai kawai ya tambaye ni waɗanne ne ba mu shanye ba, na nuna masa, ya ce in fita in ja masa ƙofa. Ranar bai zo cin abinci ba, nima ban iya haɗiye komai ba.

Da safe gari ya cika farfajiyar coci, maza a gaba, mu mata a baya jikin bango. Kir Tarasiyos ya sha sulke har da hular ƙarfen kakansa. Ya ce, "Kir Sisinyos, faɗa wa mutane. Wuta ta shirya?"

Mijina ya tashi. Pelagiya ta damƙe hannuna har farcenta ya shige. Yana iya faɗar gaskiya, ya nuna ni, ba wanda zai ga laifinsa. Ya gyara ɗamara ya ce, "Ranka ya daɗe, ina takarda?"

"Wace takarda?"

"Mai jan tawada."

"Kai, mun wuce nan! Na ce bakina ya isa takarda."

"Bakinka mai daraja ne, ranka ya daɗe, amma ba ja ba ne. Ni da hannuna na dafa Linjila a Birni. In an fasa hatimi, gobe yaƙi ya ƙare aka aiko mai bincike, idanun wa zai nema? In naka ne, rubuta ka sa hannu, Fada ya shaida, yanzu in ɗauko guduma."

Kir Tarasiyos ya kai hannu ya shafa ido bai sani ba. Ya juya ga Fada Nilos. Fada ya yi gyaran murya ya ce rantsuwa a kan Linjila ba wasa ba ce, kuma a saninsa ba a taɓa jin an fasa hatimin Sarki da fatar baki ba. Shi ke nan wuri ya kaure. Wani ya ce a zamanin kakansa an taɓa yi. Wani ya ce wancan hatimin kaki ne, ba na dalma ba. Tsohon magatakardan gari ya ce in shugaban ganuwa yana da muƙami na uku a fadar Sarki zai iya, amma Kir Tarasiyos na biyar ne. Kir Tarasiyos ya ce na huɗu ne, rigar muƙamin ce ba ta iso ba. Aka bar maganar Normandawa aka koma kan rigar har rana ta take.

A ƙarshe suka daidaita a kan abin da kowa ya ga shi ne hankali. Zuwa Birni kwana ashirin ne, dawowa ashirin. Aka tura magatakarda kan ganuwa ya roƙi Turstin ya ƙara mana kwana arba'in, don mu samo izinin ƙona shi. Ina wurin, da kunnena na ji. Pandolfo ya sa aka maimaita masa sau biyu kafin ya fassara. Dariyar da ta tashi daga sansanin nan har awakinmu sai da suka firgita. Amsa ta dawo cewa rana tana karkata za a kafa tsani.

Aka buɗe ƙofa. Na lura mazan da suka fi kowa cika baki su suka fi saurin janye sakata, amma duk da haka sai sun sami wanda za su ɗora wa. Da Sisinyos ya ratsa kasuwa ba wanda ya ba shi hanya. Wani ya tofar da yawu ya ce, "Bawan takarda." Wani ya ce, "Shekara goma sha huɗu muna ciyar da matsoraci." Ya wuce, ni ina binsa a baya kamar in nutse.

Normandawa sun cika alkawari daidai gwargwado. Kaji dai an taɓa su, amma mutane ba a taɓa ba. Turstin bai ko kalli coci ba, bai tambayi rumbun hatsi ba. Hasumiya ya nufa kai tsaye, ashe tun farko ba don awakinmu ya zo ba. Ya sa aka fito da tulunan fili aka jera su a rana, gari duka yana tsaye, sojansa sun kewaye mu. Ya zagaya su yana huci, ya yi magana, Pandolfo ya fassara.

"Ya ce Rumawa sun iya ƙarya. Ya ce gari mai wuta ba ya buɗe ƙofa. A fasa ɗaya ya gani. In wuta ce, alkawari yana nan. In kun zaunar da shi kwana uku a kan tulunan banza, to babu alkawari."

Sisinyos ya matso gaban ƙaton nan, kansa bai kai ƙirjinsa ba, ya ce, "Madalla. Gaya masa ya fasa. Amma ya bari mutanena su koma bayan dutsen can tukuna, nima in bi su. In yana da wasiyya ya ba ni in tafi da ita."

Turstin ya ce ba inda mai famfo za shi.

Sisinyos ya ɗaga kafaɗa. "To in dai gani yake so, ba sai an fasa ba. Akwai ƙofar numfashi da masu aikin suke bari. A ja dawakai baya. Kowa ya rufe baki, ƙara tana tayar da ita."

Ƙofar numfashin nan ramin da na huda ne. Ya zagaya bayan tulu na biyu, ya yi alamar gicciye sau uku, ya ciro toshiyata da yatsu biyu, ya zura kara. Ya tako a hankali, hannu a miƙe nesa da jiki, ya ɗiga uku a kan garkuwar Turstin da ke jingine a rana.

Garos ne da ya shekara goma sha huɗu a rufe, ga zafin bazara, ga ƙarfen garkuwa ya gasu. Mu da muka saba ma sai da idonmu ya kawo ruwa. Su kuwa mutanen man shanu da naman alade ne, hancinsu bai taɓa gamuwa da irinsa ba. Na gaba suka ja da baya suka taka na bayansu. Wani doki ya miƙe tsaye. Wani jarumi mai tabon takobi a fuska ya juya ya amayar da kajinmu. Turstin ya tsaya, ba a raina masa, amma ya toshe hanci da hannun sulke.

Sisinyos ya ce a hankali, "Wannan barcinta ne. Ba ta farka ba."

Sai na ga abu biyu a lokaci ɗaya. Na farko kyanwowin gari, sun fara leƙowa ta kan katanga, wutsiya a sama. Ba wanda ya ba mu umarni, kowace mace ta sunkuya ta cafke wadda ta fi kusa ta cusa a mayafi. Pelagiya biyu ta kama, suna yagar cikinta tana murmushi. Na biyu kuwa Pandolfo. Mutumin Bari ne, a bakin teku ya girma kamarmu. Na ga hancinsa ya buɗe, maƙogwaronsa ya motsa. Ya dubi garkuwar, ya dubi mijina, ya dubi matan da mayafansu ke motsi. Ya san abin da ya shaƙa sarai.

Ban san me ya tuna ba. Normandawan nan sun zauna wa garin su Pandolfo shekara uku kafin su ci shi, wataƙila wannan ne. Ya juya ga ubangidansa ya yi magana doguwa, ta fi abin da Sisinyos ya faɗa tsawo sau biyar, yana nuna sama yana nuna ƙasa yana kwatanta tashin abu da hannu. Turstin ya ja taku uku baya. Ya sa aka ɗauki garkuwarsa da bakin mashi aka jefa teku. Da taron ya watse tafintan ya ratsa ta gefena, bai dube ni ba, ya ce ƙasa-ƙasa, "Uwar gida, in da ɗan kaɗan a kwalba, shekara goma rabona da shi."

Murnarmu ba ta kai yamma ba. Turstin ya ce tuluna da famfo da mai famfo duk za su ƙetare teku zuwa ga ubangidansa, gobe da safe. Ya bar sojoji talatin a ganuwarmu, ya ce duk ranar da wutar ta ba shi kunya ya san hanyar Sikiya.

Da gari ya waye na ɗaure kayana a zane na fito. An shimfiɗa ciyawa a amalanke uku, Sisinyos yana tsaye yana nuna wa jarumawa yadda za su ɗauki tulu, suna bin maganarsa kamar masu ɗaukar jariri. Tun ranar ɗakin hasumiya bai yi mini magana ba. Ya ga ƙunshina, ya jawo ni gefe.

"Ina za ki?"

"Inda za ka."

"Mayar da kayanki. Ranar da aka buɗe tulu, wuyan mutum ɗaya ya isa."

"To in sun ce ka buɗe fa?"

"Ina takarda?" Bakinsa ya ɗan motsa. "Shekara goma sha huɗu ina hana mutane taɓa tulunan nan, Tekla. Aikin da na iya ke nan, kuma ban taɓa yinsa da dalili ba sai yanzu. Teku ma tana da faɗi. In hadari ya taso na ce wuta ta fara motsi, su da kansu za su roƙe ni a zubar."

Na ce, "Maigida, ka yafe mini." Kuka ya zo mini, na danne, don sojan suna kallo.

Ya dubi ƙunshina. Sannan ya ce, "Kun yi mini dariya?"

"Mun yi. Sosai ma. Amma ko sau ɗaya ba a gabanka ba."

Ya jinjina kai, kamar wanda aka ba shi lissafin da ya gamsu da shi. "Mata ɗari biyu, shekara goma sha biyu, ba wadda ta yi suɓul da baka. Birni ma ba ta iya wannan ba." Ya gyara mini mayafi a kafaɗa, abin da bai taɓa yi a gaban mutane ba, ya hau amalanken gaba ya zauna a kan ciyawa tsakanin tuluna.

Suka fita ta ƙofar gari da tafiyar kunkuru. An naɗe ƙafafun shanu da tsumma. Jarumawan da suka kori rundunonin sarakuna suna tafe taku arba'in daga amalanke, kowa ya riƙe bakin dokinsa, ba mai tari. Ƙafar amalanke ta hau wani ɗan dutse, sai muka ji muryar mijina ta tsaga wurin: "A hankali, 'ya'yan awaki!" Mutum kusan ɗari uku suka tsaya cak. Mazan garinmu suna gefe suna gunaguni wai ya tafi da wutarmu ya ba maƙiyi. Mata kuwa duk sun hau ganuwa, har tsofaffin da ba sa fita, ba wadda ta ce uffan.

Na tsaya a wurin har suka sha kwanar dutse, ina jiran ya waiwayo. Bai waiwayo ba. Na yi watanni ina jin haushin wannan, ina cewa ashe bai yafe ba. Daga baya ne na gane: da ya juyo muka haɗa ido, ɗayanmu sai ya fashe da dariya, gari kuma ya tafi. Shekara tara ke nan. Turstin bai dawo ba, don haka na san har yau ba a buɗe tulu ba, ko a ƙasa ko a ƙarƙashin teku. Sisinyos ma bai dawo ba.